Yadda Aka Yi Na Zama Sha-Iska

Ranar da jikata Asabe ta dawo daga makarantar allo tana kuka, wai wata yarinya ta ce mata jikar Sha-iska, ranar na ce lallai sai na faɗi wannan labari da bakina tun ba a binne ni da shi ba. Ku 'ya'yana kun tashi kun tarar ana kirana da sunan, kun ɗauka irin wanda ake liƙa wa malalaci ne. Na ma lura akwai wani cikinku, ba sai na ambaci sunansa ba, da in an faɗa a kasuwa sai ya sunkuyar da kai kamar an kama ubansa da akuyar mutane. Ba na jin haushinku, don ni ma na yi shekaru sunan yana ƙona mini rai. Amma yana da asali, asalinsa kuwa shekarar farin nan ce da jakuna suka ƙare a ƙasar Gobir.

Kafin wannan shekara Sanda mai faci ake ce mini. Rumfata tana bakin kasuwar Sabon Birni, gidanmu kuwa yana Tungar Aduwa, can gabas bayan ƙorama, kullum a keke nake zuwa in koma. Ba yabon kai ba, a lokacin babu mai taka feda irina tun daga Kurawa har Burkusuma. Duk tseren da samari suka shirya ranar Sallah ni ke zuwa na fari, mutum ɗaya ne kawai ke sa ni waiwaye, Bube mutumin Tsamaye, wanda ya auri 'yar tungarmu ya zauna cikinmu. Ni da shi gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma da ƙyar. Mahaifiyata Inna ba ta taɓa ganin amfanin abin ba. In na dawo ina haƙi ana yi mini kirari, sai ta dube ni ta ce,

"To, an ci tsere. A miƙo shi in dahwa muna."

Damina biyu a jere ruwa ya yi mana rowa. Ta farko gero ya yi kai ya bushe a tsaye, ta biyu ko kan ma bai yi ba. Rumbuna suka koma ɗakin ɓeraye, su ma ɓerayen suka gaji suka tafi. Mun ci tafasa, mun ci 'ya'yan anza da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin ɗacinsu ya fita. Jakuna suka yi ta kwantawa a bakin hanya ba su tashi. Duk da haka Inna tana da wata tukunya a ƙuryar ɗakinta da ta liƙe bakinta da laka, irin geron da za mu shuka ke ciki, ta kuma rantse ko za ta mutu ba a buɗe ta. Amma da ɗan yayana Mamman ya kwanta har idanunsa suka faɗa, da hannunta ta fasa lakar ta dama masa kunu. Yaron ya tashi, shi ne yayanku Isiya da kuke gani da ƙaton ciki yanzu. Iri kuwa ya tafi, kuma haka aka yi a kusan kowane gida na tungar.

Daga nan Yaya Mamman ya fara zancen Kudu. Kullum bayan sallar asuba sai ya tsaya ya dubi gabas, ya dawo ya zauna bakin ƙofar Inna.

"Inna, in ruwa sunka sauka babu iri, ni kam za ni. In kwashi ɗiyana mu tahi inda ad da abinci."

"Gonar ubanka hwa?"

"Gona ba ta cin kanta, Inna."

Ni na san in Yaya ya tafi gidanmu ya watse, don shi ne manomin, ni facin taya kawai na iya. Uwarku Hajo tana da cikin babbanku a lokacin, ba ta cewa komai, sai dai in ga tana bin Yaya da ido duk sanda ya taɓa igiyar ɗaurin kaya.

A cikin wannan hali ne wani Bature ya fara zuwa rumfata. Yana cikin masu haƙa rijiyar burtsatse da aka kawo saboda farin, motar haƙarsu ta lalace, suna zaune suna jiran wani ƙarfe daga Ikko. Dogo ne, busasshe, yana ɗingisa ƙafar hagu. Sunansa Marek, amma bakin Bagobiri ya mai da shi Maraƙi, shi kuwa da aka gaya masa ma'anar sai ya yi ta dariya yana kukan ɗan saniya. Ya ce daga wata ƙasa wai ita Folan yake, mu kuma Holan muka sani, ta atamfa. Har mata suka riƙa aiko yara su tambaye shi ko ya taho da turmi ko ɗaya. Ya gaji da gyara mana, ya bar mu da Holan ɗinmu. Hausarsa ta leburorin rijiya ce, guntu-guntu, amma ran da ya karɓi ƙafar keke daga hannuna ya juya ta, ya kara kunne, ya ɗaure waya biyu ta miƙe sak, na san wannan ba baƙon keke ba ne.

Wata la'asar ya ga muna gwada ƙarfi a kan hanyar Isa, ni da Bube da sauran masu kekuna na tungarmu, kowa ya baje yana neman gaba. Da muka tsaya na zo na fari ina jiran yabo, sai ya girgiza kai ya nuna ni.

"Kai, ƙarfi da yawa. Hankali kaɗan."

Ya jera mu ɗaya bayan ɗaya, tayar wannan dab da ta wancan. Ya ce na gaba shi ke fasa iska, na bayansa suna tafiya a inuwarsa ba su wahala, in na gaban ya gaji sai ya zame ya koma ƙarshe wani ya karɓa. Da yake bai san yadda zai faɗa ba, sai ya ce na gaba shi ke shan iska. Muka fashe da dariya, don ku ma kun san shan iska a wurinmu yawon mai ƙoshi ne, ya saɓa riga a kafaɗa ya fita ba aikin fari ba na baƙi. Muka gwada, abin bai yi ko nisan kiran salla ba ya watse. Da Bube ya shiga gaba na ji ba zan iya kallon ƙeyarsa ba, na fita na wuce shi, shi ma ya taso, sauran suka bi. Na ce wa Maraƙi a ƙasarmu namiji ba ya laɓewa bayan namiji, na hau kekena na tafi gida ina huci.

Na zaci ba zai sake zuwa ba. Washegari sai ga shi ya zauna a kan bencina, ya ciro wani ɗan hoto da ya sha hannu. Saurayi ne a kan keke siriri, cikin farar riga mai hoton mikiya a ƙirji, mutane sun cika titi suna ɗaga hannu. Da ƙyar na gane shi ne. Ya ba ni labarin da Hausa da hannu da zane a ƙasa. An haife shi ana yaƙi a ƙasarsu, ya tashi cikin yunwa, kekensa na farko na dakon dankali ne daga ƙauye zuwa gari cikin sanyin da ke daskarar da ruwa. Da ya girma aka ɗauke shi cikin ƙungiyar masu tsere, irin tseren da ake yini ana yi daga gari zuwa gari. Shekara da shekaru aikinsa shi ne ya cusa gorunan ruwa a bayan riga ya kai wa gwaninsu, ya shiga gabansa ya fasa masa iska, in an kusa isa ya kauce gwanin ya wuce a tafa masa. Sai wata shekara, ranar babban tseren da ake fitar da zakaran ƙasar duka, gwanin ya tashi da zazzaɓi. Wani abokinsa, wanda ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, ya ce yau kai ne, shiga bayana. Mutumin nan ya ja shi yini guda cikin iska da ruwa har ƙafafunsa suka ƙi, ya faɗi gefen hanya. Maraƙi ya wuce ya ci, aka sa masa farar rigar. Bayan 'yan shekaru ya zame a kan titin duwatsu gwiwa ta fashe, ya koyi haƙar rijiya.

Na tambaye shi abokin fa, me aka ba shi?

"Babu. Shi zo na ƙarshe. Mutane dariya."

Ya goge hoton da babban yatsa. Sannan ya ce har yau duk shekara yana aika masa da wani abu, bana hular saƙi ya saya masa a kasuwarmu. Na ji labarin, ya taɓa ni, amma a raina na ce wannan abokin nasa wawa ne.

Bazara ta yi nisa, zafi ya kai inda ya kai, sai labari ya zo ana rabon irin gero mai saurin nuna a Isa. Labarin ya iso mana a makare, kamar yadda komai ke isowa Tungar Aduwa. Babu jaki mai iya tashi, babu mota mai shiga wajenmu. Mai gari ya tara duk mai keke, ba mu cika goma ba, ya ce rayuwar tungar tana kan kariyar kekunanmu. Muka kwana a Isa, da safe aka auna mana, kowa ya ɗaure buhunsa muka kamo hanya. Muna shigowa Sabon Birni bayan azahar na ɗaga kai na dubi gabas. Hadari ne baƙi ƙirin tun daga ƙasa har sama, wanda muka shekara biyu muna roƙo, ya tashi zuwa a ranar da ba mu shirya ba. Duk wanda ya san ƙoramarmu ya san in an yi ruwa a gabas takan cika kafin ɗigo ya taɓa mu, in ta cika kuwa sai ta ga dama take barin mutum ya haye. Irin zai jiƙe a buhu a wannan gaɓa, laimar ruwan farko ta bushe a waccan, ƙasa mai ƙishin shekara biyu ba ta jiran kowa. Kuma iskar da ke gaban hadarin ta riga ta taso, daidai fuskarmu.

Maraƙi yana tsaye a rumfata, ya ari keken wani mai shayi. Bai yi wata gaisuwa ba, ya kama igiyar buhuna ya kwance, ya ce a raba geron a ƙara wa sauran. Ya dafa ƙirjina.

"Kai babu kaya. Kai sha iska."

Wasu suka yi dariya duk da halin da ake ciki. Ni kuwa raina ya ɓaci. Ni Sanda, in shiga garinmu da kariya wayam kamar mai dawowa daga yawon Sallah, wasu su ɗauko irin gonar ubana? Na riƙe igiyar na ce ba mai taɓa mini buhu. Sai Bube ya jingine kekensa ya matso. Tunda muke bai taɓa kiran sunana ba tare da baƙar magana a bayansa ba.

"Sanda, dibi iskan ga. Ni ba ni iya hwasa ta, na sani, kai ma ka sani. Cikinmu kai ɗai ka iyawa. In kac ce a'a, mu zamna nan mu kalli ruwa."

Abin da na shekara goma ina so in ji daga bakinsa ke nan, amma da ya faɗa ban ji daɗin komai ba, tsoro ma na ji. Na saki igiyar.

Muka jeru kamar yadda ya koya mana, wannan karon ba mai neman wuce wani. Maraƙi ya fara shiga gaba, ya kwanta a kan keken mai shayi har haɓarsa na neman taɓa ƙararrawa, ina bayansa, Bube na bayana. A nan na gane abin da yake faɗa. Iskar da ke kakkarya rassan bagaruwa, a bayan mutumin nan sai na ji kamar an rufe mini ƙofa. In ya gaji ya kaɗa gwiwar hannu in karɓa, in na gaji ya karɓa. Ashe tsohon zakara ko da ƙafa ɗaya zakara ne. Amma ba mu yi rabin hanya ba gwiwar ta ci amanarsa. Na ga ƙafar hagun ta zame daga feda, ya kauce ya faɗa gindin wata aduwa, yana ɗaga mana hannu yana ihu da harshensu. Ban san kalmomin ba, amma na san cewa yake kada mu tsaya.

Daga nan sai ni kaɗai. Ba zan iya gaya muku tsawon hanyar ba, don ban ƙara ɗaga kai ba. Tayar gaba kawai nake gani da yashin da ke tsalle yana dukan idona. In na sassauta sai in ji Bube a bayana yana cewa, "Taka, ɗan Inna, taka!" In na yi sauri da yawa ya ce in rage, na ƙarshe ya fara yankewa. Ni da na saba in tsere wa mutane, ranar aikina shi ne kada in tsere wa kowa. Ƙirjina ya ɗauki wuta, na fara jin ɗanɗanon jini a maƙogwaro, cinyoyina suka daina zama nawa. Na yi ta karanto duk addu'ar da na sani, da suka ƙare na koma kiran sunayen mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ke cikin Hajo da ba a raɗa wa suna ba.

Da muka iso ƙorama yashinta a bushe yake, amma ana jin wani gurnani daga gabas wanda ba na tsawa ba ne. Na sauka daga keke, ƙafafuna suka naɗe, na zube a gaɓa. Bube ya kama hannuna zai ɗaga ni. Na ce masa in ya tsaya ɗaukata ya bar buhu, ban yafe masa ba duniya da lahira. Suka tura kekunansu a guje cikin yashi. Na ƙarshensu yana hawa waccan gaɓa ruwan ya iso, ja wur, da itatuwa da kumfa a kansa. Sannan sama ta buɗe. Ina kwance rigingine, bakina a buɗe, ruwan farko na shekara biyu yana dukan fuskata, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Wasu Fulani da suka rage da 'yan awakinsu a kusa ne suka ja ni zuwa bukkarsu.

Abin da ya faru a tunga daga baya aka ba ni labari. Sun shiga da gudu ruwa na bin su, aka kwashe buhuna zuwa zauren mai gari ko ɗaya bai jiƙe can ciki ba. Inna ta fito tana duba fuskoki, ta ga igiyata a kan kariyar Bube, ba ta gan ni ba.

"Ina Sanda?"

Bube yana haƙi, da ƙyar ya iya haɗa magana.

"Shina baya, Inna. Lahiya lau. Shi as sha iska, mu munka ɗauko kaya."

Matan da ke wurin suka dubi juna. Gwanin tsere guda, an aike shi ɗauko iri, ya ɗora wa mutane kayansa ya tsaya shan iska! Kafin Bube ya sami numfashin yin bayani, maganar ta zaga tungar ta dawo. Daga baya ya yi bayanin har ya gaji, sauran ma sun yi, amma mutanen da suka shekara biyu ba su yi dariya ba sun sami abin dariya, wa zai ƙwace musu?

Sai da rana ta ɗaga washegari ƙoramar ta bar ni na haye, ina jan keke ina tari. Ban tarar da kowa a gida ba, duk tungar tana gona. Yara ne suka fara hango ni, suka ruga suna ihu, "Ga Sha-iska! Ga Sha-iska da keke wayam!" Na tsaya, don fushi har na duƙa neman tsakuwa. Sai na hangi gonarmu. Yaya Mamman yana gaba da sungumi yana sara, Hajo da cikinta tana binsa tana jefa iri tana rufewa da diddige, Isiya ɗan Yaya yana biye da ƙwarya. Igiyar da Yaya ya tanada don ɗaurin kayan Kudu, ita ce ɗaure a ƙugunsa ya tattare riga da ita. Na yar da tsakuwar. Inna ta taso daga gindin gawo da ruwa a moɗa, ta miƙo mini, ta tsaya har na shanye. Bube ya riga ya gaya mata komai. Ta dubi yaran da ke tsalle, ta dube ni.

"Bar su su hwaɗi. Wanga tsere dai na ga abin dahwawa cikinai."

Daminar ba ta yi kyau can ba, amma ta ba mu abin da ya kai mu wata, da irin da Inna ta sake liƙewa a tukunya. Yaya bai je Kudu ba, a gonar nan ya tsufa. Ni kuwa ƙirjina bai koma daidai ba, tarin da kuke ji ina yi in sanyi ya shigo na ranar ne. Tseren Sallar da ya biyo baya na shiga don taurin kai, na zo a tsakiya, Bube ya ci. Ban sake shiga ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Maraƙi wani mai raƙumi ne ya maido shi gari a ranar. Ƙarfen motarsu ya iso, suka haƙa rijiyoyinsu, har tungarmu ta sami ɗaya, wadda kuke sha yanzu. Ran da zai tafi ya zo rumfa yana dogara sanda. Na kai masa ƙara, na ce ga abin da Hausarsa ta ja mini, na zo na ƙarshe, mutane na dariya. Ya yi dariyar shi ma har da hawaye, sannan ya kama kafaɗuna biyu ya girgiza.

"Yanzu kai mai keke. Da, a'a. Yanzu."

Ban sake jin labarinsa ba. In yana raye Allah ya ba shi lafiyar gwiwa, in ya riga mu Allah ya san abin da ya yi mana.

Da kaka ta yi, ina zaune ƙofar gida sai ga Bube da damin gero a ka, na farkon da ya ɗaure a gonarsa. Ya sauke a gabana ba sallama mai tsawo, ya ce na mai shan iska ne, ya juya. Haka ya yi ta yi duk shekara har ya rasu. Kun sha cin tuwon damin nan kuna zaton bashi yake biya. Yanzu ɗansa ke kawowa, kuma na ji ya ce ya riga ya gaya wa nasa ɗan.

Saboda haka, Asabe, share hawayenki. Gobe in yarinyar nan ta sake ce miki jikar Sha-iska, ki amsa da ƙarfi yadda na bayanta za su ji. In kin tashi daga makaranta kuma ki raka ta gida, ki gaida kakanta Isiya, ki ce Sha-iska na tambaya ko tuwon jiya ya ishe shi. Shi ya san daga wane iri geronsa ya fito.